Da Takalmi ko Ba Takalmi: Gardamar da Ba Ta Ƙarewa a Fadamar Haɗejiya

Akwai gardamar da ake yi a gidanmu kowace shekara, kuma ranarta ba ta saɓawa: ranar da za a fara dashen shinkafa. Kawuna, wanda ya haura shekara hamsin yana shiga fadama, zai naɗe ƙafar wandonsa zuwa gwiwa, ya ajiye takalminsa na taya a gindin goruba, ya taka taɓo kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Babban ɗansa kuwa, wanda ya karanci kiwon lafiya yake aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, zai biyo shi riƙe da dogon takalmin roba, irin wanda muke kira takalmin ruwa, yana cewa, "Baba, don Allah ka daure ka sa." Amsar Kawu ɗaya ce kullum: "Kai yaro, wannan abin naka dafa ƙafa yake yi. Ka bar ni in yi aikina."

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin taurin kan dattijo da zumuɗin mai sabon ilimi. Da na fara sauraron kowannensu shi kaɗai, sai na gane duka biyun suna magana ne a kan abin da suka gani da idonsu. Ɗan yana ganin ƙafafun da ake kawo masa asibiti. Uban yana jin abin da ƙafarsa ke faɗa masa tun daga hantsi har la'asar. Kuma wannan gardama ba ta gidanmu ba ce kaɗai. Ana yin ta a Auyo, ana yin ta a Guri da Kiri Kasamma da Kafin Hausa, duk inda mutum yake neman abincinsa da ƙafa a cikin ruwa.

Kafin a auna hujjar kowa, sai an tuna cewa fadamar da Kawu ya taso ya tarar ta sauya. Kogin Haɗejiya, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana, a da yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Yakan cika a Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye, rani ya busar da ƙasa har ta dare. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya koma zuwa gwargwadon sakin da aka yi masa daga sama, rani da damina. An ga alheri. Noman rani ya bunƙasa, aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya da ke wajen Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ya ba jama'a da yawa abin yi. Sai dai wuraren da a da suke bushewa ƙayau yanzu ba sa rabuwa da ruwa, kuma kachalla ta samu gida. Wanda ya bi ta mashigar Marma zuwa Nguru ya san yadda wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta tilasta wa ruwa kwanciya wuri ɗaya. Ruwan da ya kwanta cikin ciyawa shi ne abin da katantanwa ke so.

Daga nan hujjar ɗan Kawu take farawa, kuma ita ce mafi nauyi a cikin abin da yake da shi. Tsargiya ba a shan ta a ruwa kamar yadda mutane da yawa suke zato. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi ko a bakin kogi, ƙwan tsutsar da ke haddasa ta ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi katantanwa ya shige. A cikinta yake hayayyafa, bayan 'yan makonni ya fito da yawan gaske, ƙanana masu wutsiya, suna iyo suna neman fatar mutum. Ba sa bukatar rauni ko tsaga. Lafiyayyar fata suke hudawa, cikin 'yan mintoci. Daga nan su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan ne ke kawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma a garuruwanmu har yau akwai masu ɗaukar jinin a matsayin alamar yaro ya fara balaga. Idan cutar ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma tana taɓa mahaifa. Akwai magani, ƙwayar praziquantel, wadda ake rabawa a makarantu, kuma tana aiki. Abin da ba ta yi shi ne hana sake kamuwa. Mutum ya sha yau, gobe ya koma ruwan nan da ƙafarsa a buɗe, an koma gidan jiya. Ɗan Kawu yakan ce shi ya gaji da ba mutum ɗaya magani ɗaya shekara bayan shekara, alhali roba mai kaurin farce ta isa ta tsaya tsakanin fata da tsutsar.

Hujjarsa ta biyu maciji ce. Lokacin yankan shinkafa, da lokacin da ambaliya ta koro komai zuwa tudu, mutum da maciji wuri ɗaya suke nema. Yawancin saran yana samun ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa, ko hannu lokacin ɗaukar dami. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a yankin arewacin ƙasar nan, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna bincike a kansa, suna faɗakarwa. Asibitin da ya fi shahara da wannan aiki yana Kaltungo, can Jihar Gombe, tafiya mai nisa daga Haɗejiya, maganin dafin kuma yana da tsada, ba kuma kullum ake samunsa kusa ba. Dogon takalmi mai kauri ba layar tsari ba ne, domin macijiya irin kasa tana da dogayen haƙora, amma sau da yawa yana sa saran ya ƙare a jikin roba.

Sauran hujjojinsa ƙanana ne amma kullum ake gamuwa da su. Kututturen kachalla da aka yanke yana da kaifi kamar tsinin mashi, kuma a ƙarƙashin ruwa yake ɓoye. Ga fasasshiyar kwalba, ga tsohuwar ƙugiya, ga ƙayar kurungu da ta tarwaɗa, ga matsattsaku. Ƙaramin rauni a ƙasar da shanu suka yi kashi shi ne ƙofar cutar sarƙewar haƙora. Mai ciwon suga, wanda jin ƙafarsa ya ragu, yana iya taka abu ya wuni bai sani ba. Sannan ga maganin kashe ciyawa da na ƙwari da yanzu kusan kowane manomi ke goyawa a baya yana fesawa, yana taka inda ya fesa. A ambaliyar 2022, lokacin da matasan Haɗejiya suka yi ta cika buhuna da yashi suna tare ruwa dare da rana, ruwan da suke tsaye a ciki ya riga ya bi ta masai da kwata da juji. A irin wannan ranar ban ga wanda zai yi musun amfanin takalmin ruwa ba.

To, da jin wannan sai a ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin Kawu ma yana da abin cewa, kuma ni a ganina ba a cika ba irinsa damar faɗa ba.

Abu na farko laka ce. Ƙasar fadamarmu tana da danƙo, idan ta sha ruwa tana riƙe abin da ya shiga cikinta. Ƙafar da ba takalmi tana nutsewa ta fito sumul, domin yatsu suna tanƙwarawa, diddige yana fara ɗagowa, iska ta samu hanyar shiga. Takalmin ruwa kuwa faffaɗan tafinsa yakan manne, sai mutum ya ja da ƙarfi, wani lokaci ƙafar ta fito ta bar shi a ciki. Mai dashe yana taku ɗaruruwa a fangali ɗaya, yana sunkuye, yana ja da baya. Ka ƙara masa nauyi da fizga a kowane taku, kafin azahar cinyoyinsa da ƙugunsa sun gaya masa. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon abin da ya dasa ba zai yarda da abin da zai rage masa sauri ba, kuma ba wauta ba ce ta sa shi ƙi. Lissafin abincin gidansa na ranar yake yi.

Na biyu zafi. A watan Afrilu, lokacin da ake tsakiyar aikin shinkafar rani, zafin Haɗejiya yana wuce digiri 40. Baƙar roba tana zuƙar rana, ba ta da ƙofar numfashi, gumi ba shi da wurin zuwa. Ƙafa ta wuni a jiƙe cikin ɗumi, fata ta yi fari ta yi laushi, tsakanin yatsu ya tsage, abin da muke kira cin ruwa. Kawu yana cewa shi bai taɓa fama da cin ruwa mai tsanani ba sai shekarar da ya gwada takalmin. Likitoci ba za su ƙaryata shi ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, sojojin da suka yi kwanaki a ramukan yaƙi na Faransa da ƙafa a jiƙe cikin takalmi sun yi fama da ruɓewar ƙafa, har aka yanke wa wasu yatsu. Can sanyi ne ya haɗu da danshi, a nan zafi ne, amma tushen abin ɗaya ne: fatar da ba ta bushewa tana lalacewa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Takalmin ruwa yana da baki, kuma ruwa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Da zarar mutum ya taka rami ruwan ya haura bakin takalmin, kariya ta ƙare, ya koma ɗauke da ruwan fadamar a manne da fatarsa har ya tashi aiki. Ga masunci kuma abin ya wuce nan. Mai jefa birgi yana tsaye ne a kan kwalekwale mai santsi, yana riƙe kansa da yatsun ƙafa. Yana jin motsin jirgin ta tafin ƙafarsa kafin idonsa ya gani. Ka sa masa roba mai kauri, ka raba shi da wannan ji. Idan kuma jirgi ya kife, takalmin da ya cika da ruwa yana hana ƙafa bugun iyo, yana sa hawa jirgi ko fita gaɓa ya yi wuya, cire shi a cikin ruwa kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Ban taɓa ganin masuncin kirki ya shiga jirgi da dogon takalmi ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi ba.

Akwai ma hujjar da Kawu bai san yana da ita ba. Waɗanda tsargiya ta fi kamawa yara ne 'yan makaranta, kuma a wajen wanka da iyo suke ɗaukarta, inda takalmi ba ya shiga lissafi. Mai dashe ma hannuwansa a cikin ruwan suke wuni. Saboda haka wanda ya ce takalmi zai kawar da tsargiya daga Baturiya ko Guri ya faɗi abin da ya wuce gaskiya. Abin da zai kawar da ita shi ne rijiyar burtsatse, da masai, da maganin da ake rabawa ba fashi, da buɗe hanyoyin ruwan da kachalla ta toshe. Takalmi yana rage yawan fatar da ke taɓa ruwa ne, kuma ragin yana da daraja, tunda nauyin cutar yana tafiya da yawan tsutsar da ta shiga jiki. Amma ragi ne.

Wani abu da ya taimaka mini na fahimci Kawu ya zo daga inda ban zata ba. A cikin takalman gwanjo da ake zubewa a Kofar Wambai a Kano, waɗanda dillalai ke kawo mana kasuwar Haɗejiya, akwai wani kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi da samari ke so, mai suna Vans. Kamfanin ya fara ne a 1966 a garin Anaheim na Jihar Kalifoniya a Amurka, kuma waɗanda suka ɗaukaka shi masu wasan sulu ne a kan ɗan allo mai ƙananan tayoyi huɗu, wasan da ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021. Su ma suna da gardamarsu, shekara da shekaru, kuma kusan irin tamu ce. Saman allon nasu an manna masa wani abu mai kaushi kamar takardar goge katako don kada ƙafa ta zame, shi kuma yana cinye takalmi cikin 'yan makonni. Wasu suna son tafi siriri mai laushi, wanda aka gasa robarsa ta manne da jikin takalmin, domin da shi suke jin allon a ƙarƙashin ƙafarsu. Wasu suna son tafi mai kauri kamar ƙoƙo, wanda ke tare dukan ƙasa idan an diro daga sama, ya kuma fi daɗewa. Na farkon sun san takalminsu zai mutu da wuri, diddigensu zai sha wuya, amma sun zaɓi ji. Waɗannan mutane ne masu kuɗin sayen duk wanda suka ga dama, da kamfanoni masu yi musu bincike, kuma har yau ba a samo takalmin da ya haɗa ji da kariya da ƙarko gaba ɗaya ba. Idan haka ne, masuncin Haɗejiya da ya ce yana son ya ji jirginsa ba jahilci yake faɗa ba.

Batun ƙarko kuwa, a nan ne takalmin ruwa ya fi ba masu kare shi kunya. Asalin abin roba ce ta itace. Charles Goodyear ya samu shaidar mallakar dabarar gasa roba da farar wuta a 1844, wadda ta sa ba ta narkewa a zafi ba ta sandarewa a sanyi. A 1853 wani Ba'amurke mai suna Hiram Hutchinson ya kafa masana'anta a Faransa yana yi wa manoma dogayen takalman roba, mutanen da kafin nan takalmin katako suke sawa, ɗan'uwan dangarafan da kakanninmu ke takawa da damina. Irin wannan roba tana tanƙwaruwa, idan ta huje kuma mai faci zai like ta kamar yadda yake like tayar keke. Yawancin masu arahar da ke zuwa mana yanzu filastik ne. Rana tana busar da shi, ya yi tauri, ya tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasa ko a bayan diddige. Faci ba ya kama shi sosai, sai dai a ɗora wuƙa a wuta a narka wani guntu a kai, shi ma kwana kaɗan ne. Takalmin ruwan da ya tsage kuwa ya tashi daga aiki ɗungurungum, tunda abu ɗaya aka saye shi ya yi. Manomin da ya sayi guda biyu a shekara ɗaya ya ga sun mutu, da wuya ka shawo kansa ya sayi na uku. Araha ba ta ado, amma mai tsadar ma ba kowa ke iya bambance shi da ido ba, kuma ba kowace kasuwa ake samunsa ba.

Takalmin taya shi ne sarkin ƙarko, wannan ba gardama. Na Kawu ya ga damina da yawa, abin da ake sauya masa maɗauri ne kawai. A kan tudu, inda tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa suke, ba shi da na biyu a kuɗinsa. Amma ba ya tare ruwa, ba ya tare maciji, a taɓo kuma maɗaurinsa ne ke fara tsinkewa. Na fata, aikin dukawa, wanda Kano ta yi suna da shi har Bature Heinrich Barth ya lissafa shi cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa lokacin da ya zo a 1851, takalmin Juma'a ne da kasuwa. Ruwa yana taurara shi ya karye. Ba a yi shi don fadama ba.

Duk da haka, da na bi diddigin abin da ya raba Kawu da takalmin ruwa, ban tarar da laka ko zafi a farko ba. Na tarar da bororo. Takalmin da aka fara kawo masa, wani shiri ne na tallafin manoma ya raba, aka haɗa da taki da iri, kuma ba wanda ya tambayi lambar ƙafar kowa. Aka ba shi wanda ya matse shi. Ya sa kwana biyu, ɗan yatsansa ya yi bororo, bororon ya fashe a cikin danshi, ya yi mako yana ɗingishi. Daga ranar ya yanke hukunci a kan duk wani takalmin ruwa da ke duniya. Maƙwabcinsa kuma aka ba shi wanda ya yi masa yawa, ƙafa tana yawo a ciki, diddige yana goga, laka tana cire masa shi a kowane taku. Shi ma ya rataye nasa a rumbu.

Wannan matsala ta fi yadda ake zato girma. Ƙafar mutumin da ya tashi ba takalmi tana da faɗi a gaba, yatsunta a baje suke, tafinta yana da kanta mai kauri. Takalman da ake shigo da su an zuba su ne a kan siffar ƙafar da ta girma cikin sau-ciki, mai tsukakken gaba. Saboda haka lamba 42 tana iya yi wa manomi daidai a tsawo ta matse shi a faɗi, ya ƙara lamba ya samu faɗin, tsawon kuma ya yi yawa. Takalmin ruwa ba shi da igiyar da za a ɗaure a gyara, kuma ba ya buɗewa da sawa kamar fata. Yadda ka saye shi haka zai mutu. Mata da ke aikin dashe da yara masu kai abinci gona sun fi kowa shan wahala, domin ƙananan lambobi ba su cika zuwa kasuwanninmu ba, sai su sa na maigida suna jan shi.

Akwai abubuwan da na ga sun yi aiki a wajen waɗanda suka dace da nasu. Suna zuwa saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar wuni, ba da sassafe ba. Suna gwadawa da safar da za su riƙa sawa, su bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, su tabbatar diddige ba ya ɗagowa sosai idan sun taka. Suna lanƙwasa takalmin a hannu, idan ya yi fari a wurin lanƙwasar ko ya ƙi komawa da sauri su ajiye shi. Ba sa sa shi ba safa ko tsumma mai tsabta, kuma suna da na canji. Ba sa barin shi a rana, sukan kife shi a kan sanda a inuwa ya tsane, da safe su zazzage shi kafin su zura ƙafa, saboda kunama tana son duhunsa. Alwala ma tana taimakawa. Malaman Malikiyya sun sharɗanta huffin da ake shafa a kansa ya zama na fata, don haka mai takalmin roba yana cire shi ne ya wanke ƙafa lokacin azahar da la'asar. Idan ya daure ya goge tsakanin yatsunsa, ya bari suka sha iska kafin ya mayar, ya rage cin ruwa da yawa.

Inda na tsaya ke nan, bayan shekarun da na yi ina jin ɓangarorin biyu. A aikin yanka da ɗaurin dami, da ban-ruwan dare, da feshi, da yankan kachalla a ruwan da bai kai ƙwauri ba, da ranar ambaliya a cikin gari, ɗan Kawu ne mai gaskiya, kuma ina ganin ganganci ne mutum ya mallaki takalmi ya bar shi a gida. Wahalar zafi ta wuni ɗaya ba ta kai saran kububuwa ba. A cikin jirgi da ruwa mai zurfi, Kawu ne mai gaskiya, kada kowa ya sa. Dashe ne ya rage a tsakiya, kuma a nan zuciyata ta kasu. Ina son in ce a sa, domin na san abin da ke cikin ruwan. Amma na tsaya a fangali na ga yadda laka ke yi da dogon takalmi, na kuma san ba zan iya cewa ɗan ƙwadago ya rage abin da zai kai gida ba. A wasu ƙasashen Asiya masu noman shinkafa ana yin wani takalmin dashe na roba mai taushi, siriri, mai kama ƙafa kamar safa ya hau har gwiwa, wanda laka ba ta cire shi. Irinsa ya kamata 'yan kasuwarmu da ke zuwa Sin su nemo, kuma irinsa ya kamata masu shirin tallafi su tambaya kafin su yi odar kaya. Kafin ya zo, wanda zai yi dashe ba takalmi ya san cewa bashi yake ci, ya riƙa zuwa a duba fitsarinsa, ya sha magani idan an ba shi.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ci gaba da raba takalmi kamar ana raba buhun taki, sannan a dawo a ce manoma ba sa jin magana. Tambayar lambar ƙafa ba ta cin ko sisi.

Bana ɗan Kawu ya sauya dabara. Ya sa mahaifinsa ya taka kwali da yamma, ya zana ƙafar da biro, ya yanke, ya tafi da shi Kano. Ya yi ta zura kwalin cikin takalma har ya samu mai faɗin gaba wanda ya shige ba tare da ya tanƙware ba, na roba mai laushi, ruwan toka maimakon baƙi. Ya haɗo da safa ƙafa uku. Kawu ya jujjuya shi, ya lanƙwasa, ya sa, ya zagaya tsakar gida sau biyu, ya ce, "Wannan dai bai cije ni ba." Da shi ya yi yankan shinkafa, da shi yake zuwa tayar da injin ban-ruwa bayan magariba. Ranar dashe kuwa ya cire shi, ya kife a kan sanda a gindin gorubar nan kusa da na tayar, ya naɗe wando ya shiga. Ɗan ya tsaya a kan kunya yana kallonsa, sannan ya ce, "Baba, to ranar Laraba zan zo da kwalbar gwaji." Kawu bai ɗago ba, ya ce, "Allah ya kai mu."